Sama ta Allah Ce, Rumbun Ƙasa Amanar Hukuma: Nazari kan Tawakkali da Mulki a Madawa, Buza da Keita

Gabatarwa

Gundumomin Madawa, Buza da Keita, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, suna cikin yankin Adar-Dutsi-Maggiya, ƙasar tsaunuka da faƙo da kwaruruka. Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, kuma ba kowace shekara take cikawa ba. Magana biyu ba sa barin bakin manomin Tamaske ko Karofane ko Bangi: "sai abin da Allah ya yi" da kuma "gwamnati ta manta da mu". Akwai masu ɗaukar ta farkon a matsayin shaidar cewa talaka ya sallama, ba ya neman haƙƙinsa. Tarihin yankin bai goyi bayan wannan fahimta ba. Talakan Adar ya daɗe da rarrabe abin da ke saukowa daga sama da abin da ke fitowa daga hannun mutum, kuma yana auna hukuma da na biyun.

Yadda talaka ya fara sanin hukuma

A zamanin mulkin mallakar Faransa, hukuma ta shigo ƙauye a matsayin mai karɓa. Ana tara lanho ta hannun sarakuna da masu gari, ana kwasar majiya ƙarfi aikin dole, har sai da aka soke shi a 1946. Bayan samun ƴancin kai a 1960 tsarin karɓar haraji bai canja sosai ba. Mutumin da ya san hukuma a ranar biya kawai ba zai tuna da ita ranar da rumbunsa ya ƙare ba. Dangi yake nufa, da ɗan kasuwa mai ba da bashi, da masallaci, ko kuma ya kama hanyar ci-rani zuwa Abijan, Najeriya ko Libiya.

Farin 1973 zuwa 1974 ya fito da wani abu fili. Babu wanda ya zargi Shugaba Diori Hamani da hana ruwa sauka. Zargin da ya bazu shi ne na yadda aka yi da kayan agaji, kuma da shi Seyni Kunce ya kafa hujja lokacin da ya kifar da gwamnati ranar 15 ga Afrilu 1974. Tun daga nan ya tabbata cewa a Nijar mulki yana tsayawa ko ya faɗi a kan cimaka.

Shaidar Maggiya da Keita

A 1975 ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggiya, cikin gundumar Buza, domin tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984, shekarar da fari ya sake ƙone amfanin gona, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, da ƙwarewar hukumar FAO, da abincin hukumar PAM wanda ake biyan masu aiki da shi. Mafi yawan maza sun tafi ci-rani, saboda haka mata ne suka ɗauki nauyin aikin. Su suka yi dakon duwatsu a kai, aka jera shingaye masu tare ruwa, aka haƙa ramuka a gangaren tsaunuka, aka gina madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. Faƙon da aka yanke wa ƙauna ya koma ba da hatsi.

Waɗannan mata su ne dai masu cewa komai na Allah ne. Imaninsu bai hana su ɗaga dutse ba. Abin da ya canja shi ne hukuma ta zo da alkawarin da ake iya gani: ga aiki, ga awo, ga ranar biya. Inda aka cika alkawari, talaka ya ba da guminsa. Sai dai aikin ya rataya ne a kan kuɗin waje, kuma da tallafin ya ja baya, gyaran madatsu da shingaye ya koma kan ƙauyuka da ƙananan hukumomi marasa ƙarfi. Wannan ya ƙara wa mutane tunanin cewa alherin hukuma baƙo ne, yana zuwa yana tafiya.

Gwajin 2005

Bayan fari da farin ɗango na 2004, hatsi ya yi tsada har ya gagari talaka. Gwamnati ta fara da sayar da cimaka a farashi mai rahusa, ta jinkirta rabon kyauta, alhali mutane da dama ba su da ko kuɗin rahusar. Shugaba Mamadu Tanja ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar, a daidai lokacin da cibiyoyin kula da yara masu tamowa ke cika a jihohin Tawa da Maradi. A farkon 2005 kuma, birane sun rufe kasuwanni don adawa da ƙarin harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, har gwamnati ta janye wani ɓangarensa. Al'ummar da ke fita roƙon ruwa ita ce ta fita kan titi. A 2010, da wata matsalar ta dawo, gwamnatin soja ta Salu Jibo ta amsa gaskiyar lamarin da wuri, aka nemi taimako a kan lokaci. Sama ba ta bambanta sosai tsakanin shekarun biyu ba, halin masu mulki ne ya bambanta.

Halin da ake ciki tun 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki, har zuwa farkon 2024. Madawa, wadda ke iyaka da jihar Sakkwato, ta ji abin a jika, musamman manoman albasa na kwarin Tarka da ke dogaro da kasuwannin waje. Ga kuma ƴan bindiga masu satar shanu da mutane a ƙauyukan bakin iyaka, da ƴan gudun hijira da suka tsallako zuwa Bangi. An yi ta alƙunutu a masallatai, hukumomi ma sun yi kira a yi addu'a. A watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda aka fara zaɓa a 2004, aka naɗa jami'ai a madadinsu. Komai raunin waɗancan majalisu, manomi ya san gidan kansilansa, yana iya tsayar da shi a kasuwa. Idan irin wannan ƙofa ta ƙuntata, koken talaka yana komawa masallaci kaɗai, mai mulki kuma yana iya ɗaukar shirun a matsayin yarda.

Abin da malamai suka gada

Addinin da mutanen yankin ke bi bai sauke wa shugaba nauyi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya soki sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙ a kan harajin zalunci da karɓar gaisuwa. Malamin da ke koyar da haƙuri a kan ƙaddara, wajibi ne ya koyar da cewa mulki amana ne da za a yi wa hisabi. Rabin wa'azi yana amfanar mai iko, ya bar talaka da haƙuri kawai.

Kammalawa

Tawakkali ne ya riƙe mutanen Madawa, Buza da Keita a shekarun da babu wanda ya riƙe su, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Amma bai dace ya zama mafakar masu mulki ba. Saukar ruwa ba ta hannun kowa. Cika rumbunan cimaka na ƙasa kafin bazara, gyaran madatsun Keita, tsaron ƙauyukan bakin iyaka da buɗe hanyar albasa zuwa kasuwa, duk aikin mutane ne masu suna da ofis. Kira ga malamai da sarakuna da ƙungiyoyin manoma shi ne su ci gaba da jagorantar addu'a, su kuma riƙa tambayar hukuma a bainar jama'a abin da ta yi da amanar da ke hannunta.