Binuwai a bakin ƙofa, iko a hannun wasu

Lokacin da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, al'ada ce ke raba ruwan Binuwai: masunci ya san wurin jefa komarsa, makiyayi ya san mashayarsa, mai fadama kuma yana jiran kogi ya janye ya shuka. Daga baya jiragen ruwan Turawa suka riƙa tsayawa a Jimeta da damina, gari ya bunƙasa, unguwanni irin su Luggere suka cika da baƙi.

Sojoji ne suka sa takarda a cikin lamarin. A 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, wadda ke kula da Binuwai ta sama ta samu mazauni a Yola, ita ce kuma ta buɗe noman rani a tafkin Geriyo, inda ake noman shinkafa da kayan lambu. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta danƙa filaye a hannun gwamna. Sai doka mai lamba 101 ta 1993 ta ce duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, ikonsa na gwamnatin tarayya ne. Ta dai bar wa talaka ƙofa: ya ɗiba don amfanin gida, ya shayar da dabbobi, ya yi su, ya yi ban ruwa a gonar da yake da haƙƙi a kanta, ba ko kwabo.

Sai dai famfon kogin yana wata ƙasa. Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a 1982. Najeriya ta tsara tata a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore, don ta tare rarar ruwan, amma har yau ba a gina ta ba. A 2012 da 2022 an saki ruwan Lagdo a kan damina mai ƙarfi, gonaki da gidajen bakin kogi suka nutse.

Abin da ya rage wa jihar Adamawa shi ne ruwan sha, a nan ma aikin da saura: gidaje da yawa a Luggere burtsatse da 'yan ga-ruwa suka dogara da su. A ɓangaren tarayya kuwa, da aka kawo ƙudurin da zai ƙara wa Abuja iko a kan koguna a 2018, sannan a 2020, 'yan majalisa da gwamnoni da dama suka ce ƙwace ne, bai kuma zama doka ba.