Manajan Ƙunshin Manhaja

Manajan ƙunshi shiri ne na kwamfuta da ke girka manhaja, ya sabunta ta, ya kuma cire ta, yana riƙe da lissafin kowane fayil da inda ya ajiye shi. Masu rubuta manhaja sun fi kowa dogaro da shi, domin da wuya su fara aiki daga tushe. Sukan ɗauko laburare, wato tarin umarnin da wani ya riga ya rubuta don wani aiki, kamar ɓoye saƙo ko sarrafa hoto, su ɗora nasu a kai.

A zamanin farko na Unix da hannu ake komai. Mutum ya sauko da rubutun manhajar, ya harhaɗa shi da make, wanda Stuart Feldman ya ƙirƙira a Bell Labs a 1976, fayiloli su watsu cikin manyan fayil-fayil na na'urar. Girkawa na yiwuwa da haƙuri. Cirewa ce aiki, don babu abin da ya rubuta inda kowane fayil ya faɗa, kuma goge laburare ɗaya na iya tsayar da wata manhajar da ke jingine da shi ba tare da mai na'urar ya sani ba.

Maganin ya zo a shekarun 1990. Ian Murdock ya kafa tsarin aikin kwamfuta na Debian a 1993, aka samar masa da manajan ƙunshi dpkg a 1994, Red Hat kuma ta fito da RPM. Dukansu suna rubuta abin da suka girka, sai dai idan ƙunshi na buƙatar wani ƙunshin, gargaɗi kawai suke yi, mutum ya je ya nemo da kansa. APT, wanda ya shiga Debian 2.1 a 1999, shi ya toshe wannan giɓi: yana bin sarƙar dogaro har ƙarshe, ya sauko da duk abin da ake buƙata daga rumbu, wato ma'ajiyar ƙunshi da ke intanet. A gidan Debian laburaren da mai rubuta manhaja ke buƙata yakan ƙare da -dev, kamar libssl-dev. Cirewa ma hawa-hawa ce: remove na barin fayilolin saiti, purge na share su, autoremove kuma na kwashe ƙunshin da suka shigo a matsayin 'yan rakiya, aka daina buƙatarsu.

Harsunan shirye-shirye sun bi sahu da nasu rumbunan. CPAN na Perl ya fara aiki a 1995, PyPI na Python a 2003. Abin lura a Python shi ne easy_install na 2004 ya iya girkawa amma ba shi da umarnin cirewa. Wannan na cikin dalilan da pip, wanda Ian Bicking ya fara a 2008, ya ture shi, har aka riƙa haɗa shi da Python tun daga sigar 3.4 a 2014. Duk da haka pip ba ya kwashe 'yan rakiya in ya cire laburare, shi ya sa ƙwararru ke ware wa kowane aiki keɓaɓɓen muhallinsa, in an gama a goge shi ɗungurungum.

Cirewa daga rumbun kansa ta fi haɗari. A watan Maris na 2016 Azer Koçulu ya janye dukkan ƙunshin da ya wallafa daga npm, rumbun JavaScript da Isaac Schlueter ya fara a 2010, bayan saɓani kan sunan ɗayansu, kik. Cikinsu akwai left-pad, mai layi 11 kacal, wanda manyan ayyuka irin su Babel ke dogaro da shi. Ayyuka da dama suka tsaya cik, npm ta maido da ƙunshin, ta kuma tsaurara ƙa'idar janyewa.

A Afirka mutane da yawa sun san APT ta hanyar Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004, aka kuma riƙa aika faifansa kyauta ta gidan waya har 2011. An gina manajojin ƙunshi bisa zaton intanet na nan kullum. Ga mai koyon aikin a Kankiya ko Kusada, inda sai an yi tattalin data, akwai mafita a cikinsu: APT na iya adana abin da ya sauko da shi a /var/cache/apt/archives, pip download kuma na tara laburare da 'yan rakiyarsa wuri guda, a kwafe a filashi, a girka wa wata kwamfutar ba tare da an sake sayen data ba.