Hudar sakura da littafin shekaru dubu

A shekarar 812, Sarki Saga na Japan ya tara fadawansa a lambun Shinsen-en da ke Kyoto domin kallon hudar itatuwa, marubutan fada kuma suka ajiye labarin. Al'adar ta ɗore: sarakai, malaman addinin Buddha da mawaƙa suka riƙa rubuta ranar da sakura, dangin itacen ceri, ta cika da fure bayan fitar sanyi. Su dai ranar biki suke rubutawa, ba su san shaida suke bar wa na baya ba.

Masani Yasuyuki Aono ne ya bi tsofaffin littattafan, ya tattara ranakun. Ƙarni bayan ƙarni, hudar kan cika wajen tsakiyar Afrilu. Amma tun ƙarni na 19 take ta sammako, saboda ɗumamar yanayi da zafin birni. A 2021 ta cika ran 26 ga Maris, saurin da littafin bai taɓa gani ba kafin nan. Ko a 1409 sai ran 27.

Mu ma mangwaro na huda a garakenmu kowane hunturu. Wa ke rubuta ranar? Malami guda da ɗalibansa sun isa su buɗe wa jikokinmu irin wannan littafi.