Zaftarewar Ƙasa a Ramukan Haƙa: Yadda Take Faruwa da Wanda Alhakin Ke Wuyansa

Zaftarewar ƙasa ita ce ruftawar gefen rami ko gangare a lokaci guda, ta binne duk wanda ke ƙarƙashinsa. A Likoro da sauran garuruwan Kudan, Maƙarfi da Ikara, inda gidaje da yawa na tubali ne, haɗarin yana bakin gari, a kududdufan da ake ɗibar jar ƙasa da yashi. A farkon watan Yunin 2025, 'yan sandan Jihar Kaduna sun tabbatar da rasuwar yara 11 a ƙauyen 'Yardoka, bayan ramin da suke haƙar ƙasar bulo ya rufta musu. A Nuwamban 2021 ma, aƙalla mutum 18 ne suka rasu a ramin zinare na Garin Liman, a yankin Ɗan Issa na Jihar Maraɗi.

Yadda take faruwa

Ƙasa hawa-hawa take. Sau da yawa saman yana da tauri, amma a ƙarƙashinsa akwai yashi ko yumɓu mai laushi. Mai haƙa kan bi mai laushin saboda ya fi sauƙin sara, sai ya yi kogo, ya bar taurin saman yana rataye babu madogara. Idan damina ta sauka, ruwa yana ƙara wa ƙasar nauyi, yana kuma sassauta riƙon da ke tsakanin ƙwayoyinta. Daga nan sara ɗaya na diga, ko girgizar tifa a bakin ramin, ya isa ya kawo ta ƙasa.

Haka dusar ƙanƙara ke zaftarewa a tsaunukan Alps na Turai: dunƙulallen sama a kan raunannen ƙasa. Binciken da aka yi a Suwizalan ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna rayuwa, amma bayan kusan minti 35 adadin yana komawa wajen kashi 30. Ƙasa kuwa ta fi dusar ƙanƙara nauyi nesa ba kusa ba: mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi na kai wa tan ɗaya da rabi. Ko a ƙirji ta tsaya wa mutum, tana iya hana shi numfashi.

Alamomi da kariya

Tsagewa a saman bakin rami, tsattsafar ruwa daga bangonsa da zubowar ƙananan ɓarɓashi duk gargaɗi ne. Busasshen yashi ba ya tsayawa a gangaren da ya wuce kusan digiri 34, don haka bangon da aka sara a miƙe jiran lokaci kawai yake yi. Ƙa'idar aikin gini a Amurka ta wajabta tokara ko kwantar da bangon ramin da ya kai zurfin mita ɗaya da rabi, da kuma nisanta tarin ƙasa daga bakinsa. Idan ta faru, waɗanda ke wurin ne masu ceto: a tono kai da ƙirji tukuna, da shebur da hannu, ba da diga ba.

Alhakin wa?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bar harkar ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta sa yashi da jar ƙasa cikin abubuwan da ake neman lasisin haƙa. Ofishin da ke ba da lasisin yana Abuja, kududdufi kuwa yana bayan gari. Sai dai Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon raba filayen karkara, Jihar Kaduna kuma tana da dokar kare yara tun 2018. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma, kansila da dagaci ba su rasa hurumin ƙidaya ramukan yankinsu, rufe masu kogo kafin ruwan Agusta, da hana tura yara haƙa ba.