Tarihin Sunayen Taron Dabbobi a Harshen Ingilishi

Ɗalibanmu da yawa sun sha wahalar haddace jerin kalmomin da Turawan Ingila ke kiran taron dabbobi da su, har wasu suka ɗauka cewa rashin irinsu a Hausa naƙasa ce. Tarihin kalmomin kuwa bai goyi bayan wannan zato ba.

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, farauta ta zama wasan sarakuna da 'ya'yansu, tana da ladubbanta da keɓaɓɓen harshenta, wanda akasarinsa daga Faransanci aka aro shi. Duk wanda ya kasa kiran kowace dabba da taronta da sunan da ya dace, to ya tona wa kansa asiri cewa ba ɗan babban gida ba ne.

A 1486 aka buga wani littafi a garin St Albans kan farauta da kiwon shaho da tambarin gidajen sarauta, wanda ake danganta sashensa na farauta ga wata mata, Juliana Berners. A cikinsa an jera sunayen taro sama da 160. An kira taron zakoki da kalmar da ke nufin alfahari. Har 'yan Adam ba a ƙyale su ba: taron lauyoyi aka ce fasaha, na dukawa aka ce maye. Wannan ya nuna cewa sashen jerin raha ce ta masu ilmi, ba maganar maharba ba.

Mafi yawan kalmomin sun kwanta cikin littattafai har ƙarnoni, kafin James Lipton ya sake tono su a littafinsa na 1968. Waɗanda ba su taɓa mutuwa ba su ne na makiyaya da masunta, domin kullum ana bukatarsu.

Haka abin yake a Hausa. Muna cewa garken shanu da garken tumaki, muna cewa ayarin raƙuma, saboda kiwo da fatauci ne suka haifi kalmomin, su ne kuma suka raya su. Saboda haka aikin da ke gaban manazarta shi ne su je ruga da kara da bakin kogi, su tattara abin da ke bakin masu sana'a tun dattawan cikinsu suna raye.