Yadda Lissafin Injiniyoyi Ya Iso Ƙasar Arewa

Garin Yankara yana cikin ƙasar Faskari, a kan hanyar motar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Gusau. Matafiyi a hanyan nan yakan haye gadoji da kwalbatoci da yawa, amma da wuya ya tuna cewa kafin a aza harsashin kowace gada sai da wani ya zauna da alƙalami ya lasafta ƙarfin ruwan da zai bi ƙarƙashinta da damina. In ya yi kuskure, ranar da kogi ya kawo, gada ta tafi, da ita da dukiyar jama'a, wani lokaci har da rayuka.

Ilmin lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Tun kafin zuwan Turawa malamai suna karanta hisabi domin rabon gado, da fid da zakka, da sanin taurarin damina. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace Bakatsine. Ya tafi aikin hajji, ya wallafa littafi da Larabci cikin 1732 a kan hatimai, watau gidajen da ake jera wa lambobi yadda in an tara su a tsaye ko a kwance jimla ɗaya za su bayar. Ya rasu a Alƙahira cikin 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. To, amma duk wannan lissafi na abin da ke tsaye ne. Dukiyar mamaci ba ta ƙaruwa ko raguwa sa'ad da alƙali ke raba ta.

Shi kuwa injiniya, abin da ke motsi yake aunawa. A ɗauki misalin garwa cike da ruwa, aka huda gindinta. Da fari ruwa zai fito da ƙarfi, sa'an nan ya dinga sanyi, gama ƙarfin fitarsa yana bin zurfin abin da ya saura a ciki. In zurfin ya koma rubu'i, gudun ruwan sai ya koma rabi. Saboda haka in garwar za ta tsiyaye cikin minti 10, rabin farko zai fita cikin wajen minti 3, rabi na biyu kuwa sai ya ci minti 7. Raba lamba da tarawa irin na elemantare ba su isa su fid da wannan amsa ba. Sai an rubuta dangantakar da ke tsakanin yawan abu da saurin sākewarsa, kāna a warware ta. Wannan shi ne lissafin sauyi, wanda Turawa ke kira difarenshiyal ikweshan. Mutum biyu suka aza harsashinsa, kowa da hanyarsa: Leibniz Bajamushe, wanda ya buga nasa cikin 1684, da Newton na Ingila, wanda babban littafinsa a kan tafiyar taurari ya fito cikin 1687.

Ilmin nan ya daɗe bai iso Arewa ba. Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, amma nufinta horon malaman makaranta ne. Sa'ad da aka ja hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta Funtuwa, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929, Turawa ke riƙe da awo da taswira, 'yan ƙasa kuwa sai diga da kwando. A Kudu aka riga mu: Chike Obi ya sami digirin dokta a Jami'ar Kambirij cikin 1950, kuma a kan wannan fanni ya yi bincikensa.

Cikin 1952 aka buɗe reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a Zariya, inda aka shiga koyar da aikin injiniya. Ran 4 ga Oktoba, 1962, kwalejin nan ta shiga cikin sabuwar Jami'ar Ahmadu Bello, sashen injiniya yana cikin na farko. Sardaunan Sakkwato ya matsa a kan wannan, domin ya ga ƙasar da ta karɓi mulkin kai ba za ta dawwama tana aron masu gina mata gada ba. A shekaran nan kuma Iya Abubakar, mutumin Adamawa, ya gama digirin dokta a Kambirij, inda ya yi bincike a kan yadda girgiza ke ratsa ƙasa da duwatsu, wanda shi ma da lissafin sauyi ake bayyana shi. Ya shugabanci sashen lissafi a Zariya, daga baya ya riƙe jami'ar duka daga 1975 zuwa 1978.

Yanzu yaron da ya tashi a Yankara, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, in ya shiga karatun injiniya, ba makawa sai ya haɗu da darasin nan. Da shi zai san yadda ƙarfen gada ke lanƙwasa in babbar mota ta hau, da yadda ruwa ke raguwa a madatsa da rani, da yadda wutar lantarki ke gudana cikin waya. Wanda ya haddace amsa don jarrabawa kawai, ranar aiki zai ji kunya, gama kogi ba ya tambayar takardar shaida. Tushen abin kuwa yana can ajin firamare na ƙauye, inda yaro ke fara koyon rabi da rubu'i. In malamin ajin nan ya yi sakaci, jami'a ba ta iya tanƙwara icen da ya riga ya bushe. Allah ya ba iyaye da malamai ikon riƙon wannan amana, amin.