FASHIN BAƘI: Haɗarin ƙyale ciwon haƙori a yankin Sabon Birni da Isa

A ƙauyukan Sabon Birni da Isa, kamar sauran karkara, ciwon haƙori ba ya cikin cututtukan da ake ɗaukar mutum a kai asibiti dominsu. Akan sayi maganin kashe zafi a kemis, ko a cusa kanumfari a kogon, a jira ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki. Inda asibiti ke kusa, yawancinsu kan warke cikin sauƙi. Inda yake da nisa, jinkiri kan mai da su ajali.

Yadda ciwon ke girma

Ƙwayoyin cuta da ke cin ragowar sukari a baki su ne ke fitar da sinadarin da ke huda haƙori. Idan ramin ya kai ga jijiya, zafi ya tsananta. Daga baya jijiyar kan mutu, zafin ya ɗauke, mai ciwo ya ɗauka ya warke. Alhali a lokacin ne mugunya ke taruwa a saiwar haƙorin.

Daga turamen ƙasa, mugunyar kan gangara ƙarƙashin harshe da wuya, ta kumbura su har ta toshe hanyar numfashi. Daga haƙoran sama, takan haura wajen ido, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Idan ƙwayoyin suka shiga jini, sukan durƙusar da ƙoda da zuciya. Masu ciwon sukari da masu raunin garkuwar jiki sun fi shiga haɗari.

Cutar noma a bakin yara

Ga ƙananan yara, abin tsoro shi ne cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki. Sunan ba shi da alaƙa da aikin gona, daga wata kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa. Takan fara da kumburin dasashi, da jini, da warin baki, sannan cikin kwanaki ta cinye kunci, leɓe, hanci, har ƙashin muƙamuƙi. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa har tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba kan rasu. A matakin farko kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita.

A birnin Sakkwato akwai Asibitin Yara Masu Cutar Noma da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, kuma kyauta ake magani da tiyatar gyaran fuska. Nijeriya ce ta jagoranci buƙatar da ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023.

Me ya sa gabashin Sakkwato?

Duk abin da ke haifar da cutar ya haɗu a ƙasar Gobir. Hare-haren 'yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu, sun kori dubban mutane zuwa jihar Maraɗi a Nijar, sun kuma sa allurar rigakafi ba ta isa wasu ƙauyuka. Hanyar ma abar fargaba ce tun bayan ƙona matafiya cikin mota a yankin a Disamban 2021. Ƙwararrun likitocin haƙori da muƙamuƙi kuwa sun fi taruwa a Sakkwato, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mai kumburin wuya da zai kwana biyu yana jiran hanya ta buɗe, yana iya rasa ransa kafin ya isa.

Alamomin da ba sa jiran gobe

Kumburin fuska ko wuya, zazzaɓi tare da ciwon haƙori, kasa buɗe baki, wahalar haɗiya ko numfashi, da baƙin tabo a kuncin yaro, duk na buƙatar asibiti nan take. Maganin zafi yana ɓoye ciwo ne kawai. Sai an cike ramin, ko an cire haƙorin, ko an fitar da mugunyar. Cire haƙori a kasuwa da kayan da ba a tsabtace ba kan jawo ciwon hanta.

Goge baki sau biyu a rana da buroshi ko asuwaki, rage zaƙi, da duba bakin yaro mara lafiya, suna hannun iyali. Horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane noma da wuri, da abinci, da rigakafin ƙyanda, da tsaron hanya, waɗannan nauyin gwamnati ne, kuma a kansu ya dace masu zaɓe su nemi bahasi.